Tsohuwar Corolla tana cinye mini albashi a gidan mai: in sauya inji ko in sayar?

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, 'yar Amurka, mai giyar otomatik, mitarta tana nuna 215,000. Da can cikon tanki ɗaya yakan kai ni mako biyu, yanzu da ƙyar yake kwana tara, alhali zirga-zirgata ba ta ƙaru ba. Ta yi nauyi wajen tashi, da safe tana rawa a sulo, fitilar cek inji kuma ta fi shekara a kunne. Bara da bazara ta yi zafi, bakanike ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye. An wanke nozul sau biyu, ban ga canji ba. Baƙin mai 20W-50 ake zuba mata, kuma nakan ƙara kamar lita ɗaya kafin lokacin juye. Yanzu bakaniken ya ce injin ya gaji, in nemi ɗan Beljiyam. Uwargida kuma ta ce a sayar kowa ya huta. Ni ba ni da kuɗin wata motar, kuma da ita nake kai yara makaranta, in kai mahaifiyata asibiti. Ina mafita?

Ɗan'uwanku a Zariya

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya raya yara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk litar da ta tafi a banza ana jin ta a cefanen gida, don haka damuwarka ta gaske ce, ta uwargida ma haka. Amma kada ka sayi inji yanzu, kuma kada ka yi saurin sayarwa. A cikin duk abin da ka lissafa babu ko ɗaya da ya tabbatar cewa injin ya gaji. Abin da wasiƙarka ta nuna shi ne mota da aka cire mata abin da bai kamata a cire ba, aka bar ta tana kuka da fitila shekara guda, kuma ba a taɓa auna ta ba kafin a yanke mata hukunci. Injin da ke cikinta, 1ZZ-FE mai lita 1.8, inji ne mai juriya, sarƙa ce ke juya masa kamshaf, kuma yawan tafiya kaɗai ba ya kashe shi matuƙar yana samun baƙin mai a kan lokaci.

Fara da sanin ainihin abin da take sha, domin kwana tara ko mako biyu ba ma'auni ba ne. Ka cika tanki har famfo ya katse da kansa karo na farko, kada ka bari a ci gaba da ɗurawa. Mayar da ƙaramar mitar tafiya zuwa sifili, ka yi harkokinka yadda ka saba. Idan mai ya yi ƙasa, ka koma gidan man nan, in da hali famfon nan, ka sake cikawa, ka rubuta litar da ta shiga. Tun da 'yar Amurka ce, da mil take ƙirge, don haka ka ninka abin da mitar ta nuna sau 1.6 ya zama kilomita, sannan ka raba da lita. Misali, mil 200 kilomita 320 ne. Idan lita 40 ta shiga, kilomita 8 ke nan a kowace lita. Wannan lissafin ya nuna maka kuma cewa 215,000 ɗin nan ta haura kilomita 340,000. Lafiyayyar Corolla irin taka, a cikin gari da cunkoso da esi, kilomita 9 zuwa 11 a lita abin karɓa ne, a babbar hanya kamar Zariya zuwa Kano kuma 13 zuwa 15. Ka riƙe lambar da ka samu, da ita za ka gane ko gyara ya yi amfani.

Babban abin da muke zargi shi ne tamostat. A garejinmu an ɗauka cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi, mu da ke cikin zafi ba mu bukatarsa. Wannan kuskure ne mai tsada. An ƙera injin ya yi aiki ruwansa yana tsakanin digiri 85 zuwa 95, kuma tamostat shi ne ƙofar da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai ya kai digiri 82. Idan aka cire shi, aka kuma sa fanka tana juyawa tun daga murɗa makulli, injin yana daɗewa ƙwarai bai kai zafinsa ba, a safiyar hunturu ko a kan babbar hanya ma ba zai kai ba sam. Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, tana karanta zafin ruwa. Muddin ta ga sanyi, sai ta ƙara wa nozul mai, ta ɗaga sulo, kuma takan hana giya shiga ta huɗu har sai ruwa ya ɗumama. Kamar mai dafa tuwo ne ya bar tukunya a buɗe yana ta tura itace. Ɓarnar ba ta tsaya a aljihu ba: fetur ɗin da ya yi yawa yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka na cikin inji, ya tara baƙin hayaƙi a kan fulogi. Wato abin da aka yi da niyyar kare inji shi ke saurin tsufar da shi. Fankar ma tana jan wuta ba hutawa, ta ƙara wa altaneta nauyi, ita kanta ta mutu da wuri, kuma yawanci a ranar da aka fi bukatarta.

Sai dai kada a mayar da tamostat kawai a tayar da mota. Akwai dalilin da ya sa ta yi zafi bara, kuma cirewar ɓoye shi ta yi. A fara da lagireto: a wanke bayansa daga ƙura da ƙwari, har da na esi da ke gabansa, a duba ko cikinsa ya toshe da tsatsa da ƙasar ruwan rijiya. Idan ya toshe sosai, ko robar samansa ta fara tsagewa, sabo ya fi wanki. A duba murfinsa, domin murfin da robarsa ta mutu ba ya riƙe matsi, ruwa sai ya tafasa da wuri. A sayi mai lamba ɗaya da na asali. A duba famfon ruwa ko yana ɗiga ko yana ƙara, a duba bel ɗin da ke juya shi. Mai waya ya mayar da fanka kan rile ɗinta, a tsaya a gani da ido tana tashi idan ruwa ya yi zafi ko an kunna esi, tana kuma tsayawa. Sannan a tabbatar gaskit ɗin kan inji bai ƙone a wancan zafin ba. Alamunsa su ne kumfa mai tasowa a bakin lagireto inji yana aiki, ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, farin hayaƙi mai kauri bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Idan babu ko ɗaya, a sa tamostat na digiri 82 da sabuwar robarsa, ɗan ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa yana kallon sama don iska ta fita. A zuba ruwan lagireto na gaske, wanda aka riga aka haɗa rabi da rabi. Gaba ɗaya yana cin kimanin lita shida da rabi. A bar inji yana aiki murfi a buɗe, hita a kan zafi, har kumfar iska ta ƙare, a rufe, a cika ƙaramin tankin gefe zuwa alamarsa, washegari da safe a sake dubawa. Kada kowa ya buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, ruwan yana ƙona fuska da hannu mummunar ƙuna.

Sai fitilar cek inji. Ka kai motar wurin mai na'urar duba mota, kuma ka gaya masa tun farko cewa ba gogewa ka zo yi ba. Ya rubuta maka lambobin da suka fito a takarda kafin ya taɓa komai. A irin motarka waɗanda aka fi gani su ne P0171, wato iska ta rinjayi mai. P0128, wato ruwa ba ya kai zafinsa. P0300 zuwa P0304, wato wani silinda yana fashin wuta. Da P0420 mai magana a kan indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Lamba ba ta cewa a sayi kaza, tana nuna wajen da za a bincika ne kawai. Don haka ka nemi ya buɗe maka bayanan da ke gudana inji yana aiki, ka kalli abu biyu: zafin ruwa, da abin da ake kira fiyul tirim, wato adadin man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan ƙa'ida. Idan yana cikin kashi 10 sama ko ƙasa, lafiya. Idan ya kai ƙarin kashi 15 ko 20 a sulo, amma ya sauko da aka taka totur zuwa 2,500, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa a sulo daidai yake, sai an taka yake hawa, to a duba sensar iska ko ƙarfin famfon mai.

Rawar da ka ce tana yi da safe ta sa muna kyautata zaton iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Corolla ta 2003 zuwa 2008 ta yi suna da wannan: manifol ɗin shigar iska na roba ne, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da kan inji yana bushewa da shekaru, idan gari ya yi sanyi ya ƙanƙance ya bar iska ta shiga, inji ya ɗumama ya ɗan toshe. Gaskit ne mai araha, aikinsa bai wuce awa biyu ba, kuma kada a yarda a shafa gam a mayar da tsohon. A lokaci guda a lanƙwasa babban tiyon da ya taso daga gidan iyakilina, wato matatar iska, a duba tsagewa a cikin naɗe-naɗensa, a bi ƙananan tiyo ɗaya bayan ɗaya.

Sensar iska, wadda ake ce wa iyafulo, tana nan daf da gidan iyakilina, sukurori biyu ke riƙe da ita. A cikinta akwai siririyar waya mai auna iska, kuma ƙurar hunturu tana lulluɓe ta har ta riƙa ba da labarin da ba daidai ba. A cire soket, a fito da ita, a fesa mata maganin da aka yi musamman don ita, a bar ta ta bushe minti goma sha biyar, a mayar. Ban da fetur, ban da maganin wanke kafireto, ban da hura mata iskar kwamfuresa, kuma kada a taɓa wayar da tsinke ko auduga. Iyakilina kuwa ka ɗaga ta ga rana: idan haske ba ya ratsawa, ta gama aiki. Hura ta da iska mai ƙarfi yana yaga ƙananan ramukan takardar, ƙura ta wuce kai tsaye ta ci ringi. A ƙasarmu ka duba ta a kowane juye, ka sauya kafin hunturu ko bayansa, ko duka biyu idan hanyarka ta ƙasa ce. Bakin totur ma a goge shi da tsumma da ɗan magani. Na 2005 'yar Amurka na lantarki ne, don haka a yi a hankali, makulli a kashe, kada a cika shi da feshi. Sulo zai iya ɗan hawa bayan wankin, ya daidaita da kansa bayan 'yar tafiya.

Akwai sensa a kan salansa kafin indomi, ita ce ke gaya wa kwamfuta ko haɗin mai da iska ya yi daidai. Idan ta gaji tana iya jawo shan mai, amma kada a saye ta da zato. Sai an gama da tamostat da gaskit da iyafulo, an sake dubawa, lambobi sun ci gaba da nuna ta. In ta kama a saya, a nemi ta Denso mai lambar da ta dace da ƙirar 2005, domin wadda ake yanke waya a haɗa ba ta jituwa da wannan kwamfutar. A kuma duba ko salansa tana huci kafin wurin sensar, shi ma yana rikita ta. Game da indomi, kada ka bari a fasa shi da sunan rage shan mai. Lafiyayyen indomi ba ya ƙara shan mai, kuma yana da masu saye saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinsa, shi ya sa wasu ke saurin ba da shawarar cire shi. Wanda ya toshe yana da alama: mota ta tashi lafiya, amma ta shaƙe idan an taka sosai ko a kan tudu. Ko shi ɗin, abin da ya toshe shi, fashin wuta ko ƙona baƙin mai, shi ne farkon abin gyara.

Fulogi huɗu ne, kowane da kwayil ɗinsa a kai. Na asali Denso SK16R11 ne, tazarar bakinsa milimita 1.1, kuma ba a daddanna bakin irin wannan fulogi ko a goge shi da burushin ƙarfe. Jabu sun cika kasuwa a cikin kwali mai kyau, don haka ka saya a wurin wanda zai karɓa idan ya ba da matsala, kuma arha mai yawa ta sa ka yi shakka. A kwance su inji yana da sanyi, a fara ɗaurawa da hannu, domin kan injin alminiyam ne, zarensa ba ya jure ƙarfi. Ka jera tsofaffin yadda suka fito ka duba. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ne. Baƙi busasshe mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo baƙin mai yana shiga silinda. Idan kuma a cikin ramin fulogin aka tarar da baƙin mai, gaskit ɗin murfin saman inji ne ke yoyo, kuma shi ke kashe kwayil. Idan na'ura ta ce silinda na biyu ke fashi, a musanya kwayil ɗinsa da na uku: in laifin ya koma na uku, kwayil ɗaya za ka saya, ba huɗu ba.

Wankin nozul ya isa haka. An yi sau biyu ba canji, wannan kaɗai ya nuna ba can matsalar take ba, kuma yawan cirewa yana lalata robobinsu har su fara yoyon fetur a kan inji mai zafi. Idan ana shakkar mai, a auna ƙarfin famfo da geji, ya kamata a samu 44 zuwa 50 a ma'aunin psi. Famfon da matatarsa a cikin tanki suke, fetur ne ke sanyaya shi, don haka yawo kullum fitilar mai a kunne yana gajarta masa kwana. Mun san halin da ake ciki, ba kowa ke iya cika tanki ba, amma ka yi ƙoƙari kada ya riƙa sauka ƙasa da kwata. Man 'yan bumburutu kuma sai dole.

Baƙin mai: dubi murfin da ake zuba shi, za ka ga 5W-30. Injin yana da VVT-i, tsarin da ke amfani da matsin baƙin mai ta ƙananan hanyoyi yana sauya lokacin buɗe bawul. Mai kauri irin 20W-50 yana jinkirin isa sama da safe, yana sa inji ya yi aiki da nauyi. Ga inji mai shekaru irin naka a zafin Zariya, idan ka ga 5W-30 yana saurin raguwa, 5W-40 ko 10W-40 matsakaici ne mai kyau. Yana cin kimanin lita huɗu da sabuwar filta, amma sandar awo ce alƙali: tsakanin ɗigo biyu, kada ya haura na sama. A yi juye duk kilomita 5,000, wato kusan mil 3,000 a mitarka, ko wata shida, duk wanda ya riga, da sabuwar filta kowane karo. Kada a wanke cikin inji da kananzir ko gas, dattin da ya ɓanɓaro yana toshe rariyar famfon baƙin mai. Maganin nan mai kauri da ake ƙarawa don hana hayaƙi shi ma ɓoye ciwo yake yi.

Lita ɗaya tsakanin juye da juye ba dalilin buɗe inji ba ne a wannan shekarun. Kafin ma a ce ƙonewa yake yi, a wanke injin a nemi yoyo. Wuraren da aka sani su ne murfin sama, da robar abin da ke ɗaure sarƙa a bayan inji ta gefen fasinja, da sil ɗin gaban kiranshaf. A cire bawul ɗin PCV, mai fitar da tururin cikin inji, da ke jikin murfin sama a girgiza. Idan ba a ji ƙararsa ba, ya toshe, kuma toshewarsa tana tura mai ta kowace kafa. Ƙaramin abu ne mai sauƙin kuɗi.

Maganar cewa inji ya gaji kuwa, gwaji ɗaya ke raba gardama, shi ne awon kwamfureshin, wato ƙarfin matsin da kowane silinda ke yi. Inji yana da ɗumi, a cire fulogi duka, a katse mai, a ɗaura geji a kowane rami a murɗa. Kowane silinda ya ba da aƙalla 145 psi, kuma bambanci tsakaninsu kada ya wuce 15. Idan ɗaya ya yi ƙasa, a zuba masa cokali ɗaya na baƙin mai a sake: in ya hau, ringi ne, in bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Ka tsaya a wurin ka rubuta lambobin huɗu da hannunka. Bakanikenka wataƙila da zuciya ɗaya ya ba ka shawara, abin da ya saba gani ya faɗa, don haka ba sai an yi rigima ba. Ka ce masa kana so a auna kafin ka nemo kuɗi. Idan ba shi da gejin, a nemi mai shi.

Giyar ma tana da hannu a nauyin tashi. Da farko dubi dashbod: idan fitilar O/D OFF tana kunne, an danna maɓallin da ke jikin hannun giya, motar ba za ta shiga ta huɗu ba, kuma akwai masu yawo haka wata da watanni ba su sani ba. Sannan a zaro sandar man giya inji yana aiki da zafinsa, a wuri mai daidai. Ja ko ja mai duhu yana da sauran rai. Man da ya dace shi ne Toyota T-IV, ba kowane jan mai ba. A kwance ƙusar ƙasa, abin da ya fito, wajen lita uku, a auna a mayar da daidai shi, bayan wata ɗaya ko biyu a maimaita. Kada a yi mata wankin na'ura mai tura mai da ƙarfi. Idan man ya yi baƙi yana warin ƙuna, kuma giya tana zamewa, wannan aikin mai giya ne, juye ba zai warkar da shi ba.

Ƙafafu ba sa cin kuɗi da yawa amma suna cin mai. Iskar da ta dace tana rubuce a takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, a irin motarka wajen 30 psi ne, kuma da safe ake aunawa kafin taya ta yi zafi. Taya mai ƙarancin iska tana jan mota baya. Hamsin ɗin da wasu masu faci ke bugawa kuma tana cinye tsakiyar taya, ta rage kamun birki, ta wahalar da shokozoba. Sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda ta haura shekara shida ba abin ɗaukar yara da Hajiya ba ce ko da zanenta yana da kyau. Bayan tafiyar minti goma sha biyar ba tare da yawan birki ba, kusanto da bayan hannunka ga kowane rim. Wanda ya fi sauran zafi, birkinsa yana kamawa, ko fil ɗin kalifa ya bushe, ko birkin hannu bai saki ba, ko boris ya fara ci. A ɗaga motar a juya tayar da hannu za a gani. Idan sitiyari yana ja gefe ko taya tana cinyewa ta ɓangare ɗaya, a gyara abin da ya yi lako-lako a ƙafa tukuna, sannan a yi alaimen.

Sauran yana ƙafarka. Ɗumama mota minti goma da safe ƙona mai ne kawai. Rabin minti zuwa minti ɗaya ya isa, ka tashi a hankali, tafiya ta fi tsayuwa saurin ɗumama inji. Idan za ka jira yara fiye da minti biyu a ƙofar makaranta, kashe ta. Kada ka sa giya a N, wato firi, a gangara: idan ka ɗaga ƙafa tana cikin giya kwamfuta na katse mai da kanta, a N kuwa sai ta ba da na sulo, ga shi ka rasa riƙon inji. A babbar hanya 90 zuwa 100 ya fi 130 sauƙin mai nesa ba kusa ba. Idan motar ta sha rana, buɗe gilasai zafin ya fita kafin ka kunna esi. Ka sauke tarkacen da ke but. Ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da na'urorin da ake cewa suna rage shan mai da rabi, ka bar kuɗinka a aljihu.

Tun da albashi ne, ka raba aikin. A watan farko awon mai, duba na'ura, awon kwamfureshin, iskar taya, iyakilina da wankin iyafulo. Waɗannan kusan duka kuɗin aiki ne. Da zarar kwamfureshin ya fito lafiya, kuɗin farko mai kauri ya tafi ga lagireto da tamostat da fanka, tare da gaskit ɗin manifol idan awo ya nuna shi. Fulogi da juyen baƙin mai su biyo, man giya a ƙarshe. Bayan kowane mataki ka sake awon cikon tanki, ka nuna wa uwargida lambobin, domin shawarar sayarwa ko riƙewa ta ku biyu ce, kuma za ta fi sauƙi idan kuna kallon takarda ɗaya.

Idan kuwa kwamfureshin ya faɗi ƙasa da 145, ko motar tana shan lita ɗaya ta baƙin mai a kilomita 1,000 da shuɗin hayaƙi, ko ana jin ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, to maganar bakanikenka ta tabbata. A nan sai a kwatanta kuɗin ringi da metal a wurin ƙwararre da kuɗin ɗan Beljiyam. Shi ma ɗan Beljiyam tsohon inji ne da ba ka san tarihinsa ba, don haka kafin ka biya a buɗe murfin sama a ga ko akwai daskararren datti, a duba fulogoginsa, a tabbatar na totur ɗin lantarki ne irin naka, kuma a rubuta yarjejeniyar kwanakin gwaji da sharaɗin mayarwa. A ɗaura shi da tamostat ɗinsa a ciki, da lagireton da aka riga aka gyara.

Kafin duk wannan ya kammala, abu uku ne ba a ci gaba da tafiya da su: fitilar baƙin mai ta kama inji yana aiki, allurar zafi ta doshi ja, ko fitilar cek inji ta koma ƙiftawa. A biyun farko ka gangara gefe ka kashe nan take, a na ukun ka rage gudu ka nufi gareji mafi kusa. Idan ka samu lambobin na'ura da na kwamfureshin da sakamakon awon mai, ka sake rubuto mana da su, za mu duba tare da kai abin da ya kamata ya biyo baya. Allah ya sa a dace, ya hore abin gyara.